Yaya jami'in gwamnati a Amurka zai raba sunansa da adireshin gidansa a rajistar intanet?

Malam Habibu

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san harkar rajistar gidaje a Amurka, musamman lauyoyi da masu aiki da bayanan gunduma.

A gundumomi da yawa na ƙasar, in ka shiga shafin ofishin kimanta gidaje ka rubuta sunan mutum, nan take za a zubo maka adireshin gidansa, da ranar da ya saya, da kuɗin da ya biya, da yawan ɗakuna, wani lokaci har da zanen ginin da hotonsa daga sama. Ba mai tambayar ko kai wane ne, kuma kyauta ne. Ga mai neman sayen gida wannan alheri ne. Ga alƙalin da ya ɗaure mutum shekara ashirin kuwa, ko mai gabatar da ƙara, ko ɗan sanda, ko ɗan majalisa, abin tsoro ne ƙwarai.

Kuma tsoron yana da dalili. Ranar 19 ga Yuli 2020 wani lauya da ya taɓa kai ƙara gaban mai shari'a Esther Salas ya je gidanta a New Jersey cikin shigar mai kai kaya, ya kashe ɗanta Daniel Anderl mai shekara 20, ya ji wa mijinta mummunan rauni. Ranar 14 ga Yuni 2025 aka bi 'yar majalisar Minnesota Melissa Hortman har gida aka kashe ta da mijinta, kuma takardun da masu bincike suka kai kotu sun nuna an samu jerin shafukan neman adireshin mutane a littafin rubutun wanda ake zargi.

To, shin doka ta ba jami'i damar a cire bayanansa daga waɗannan shafuka? Ina ake kai buƙatar, kuma me ake haɗawa da ita? In gunduma ta cire, shi ke nan ya ɓace daga intanet? Sannan wanda bai riga ya sayi gida ba, me ya kamata ya yi tun kafin ciniki?

Barista Zainab

Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Dokoki akwai su, amma mafi yawansu na jihohi ne, kuma kusan dukkansu ba sa aiki da kansu. Sai jami'in ya nema a rubuce, kuma a kowane ofishi daban. A nan mutane suka fi yin sake: a cike fom ɗaya, a samu wasiƙar amincewa ɗaya, a ɗauka an gama.

Abin da muke kira rajistar gida ba wuri ɗaya ba ne. A gunduma guda akwai ofishin rajistar takardu, inda ake ajiye takardar mallaka da ta jingina. Akwai ofishin kimanta gidaje, wanda ke riƙe da sunan mai gida da lambar fuloti da darajar gidan. Akwai ofishin karɓar haraji, mai aika takardar biya kowace shekara. Akwai sashen taswira, akwai kuma ofishin izinin gini, wanda sau da yawa ma na birni ne ba na gunduma ba. Kowanne da rumbun bayanansa da ma'aikatansa. A Florida, magatakardan gunduma, wanda ke riƙe da rajistar takardu, da mai kimanta gidaje da mai karɓar haraji kowa zaɓarsa ake yi daban, ba wanda ke ƙarƙashin wani, don haka takardar da ka kai wa ɗaya ba ta ɗaure ɗaya ba. Ga shi ƙasar tana da gundumomi sama da 3,000, kowacce da tsarinta.

Dokar tarayya da aka sa wa sunan Daniel Anderl, wadda aka sa wa hannu a Disamba 2022, ta shafi alƙalan tarayya ne da iyalansu. Ta ba hukumomin tarayya awa 72 su cire bayanan alƙali bayan ya nema, ta hana dillalan bayanai, wato kamfanonin da ke tara bayanan mutane suna sayarwa, sayar da su, ta kuma ba kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane awa 72 su sauke abin da suka wallafa, ban da rahoton labarai kan abin da ya shafi jama'a. Amma ba ta umarci ofishin rajistar gunduma kai tsaye ba. Tallafin kuɗi ta tanadar wa jihohi da ƙananan hukumomi. Ke nan ko alƙalin tarayya sai ya duba dokar jihar da gidansa yake.

A New Jersey, dokar Daniel ta Nuwamba 2020 ta rufe alƙalai da masu gabatar da ƙara da jami'an tsaro, na yanzu da masu ritaya, da iyalan da ke zaune gida ɗaya da su. Sauƙinta shi ne akwai ofishi guda na jiha da ake yin rajista ta shafinsa, in ya amince sai hukumomin gwamnati su samu kwana 30 su rufe adireshin. Kamfanoni masu zaman kansu kuwa sai an aika musu sanarwa daban, suna da kwanakin aiki 10, in suka ƙi akwai diyyar aƙalla dala 1,000 kan kowane saɓawa.

Florida ta yi bayani dalla-dalla, a sashe na 119.071 na dokokinta. Buƙatar a rubuce take, da rantsuwa a gaban notari, wato jami'in da ke shaida sa hannu, kuma ƙarya a cikinta laifi ne. Tun gyaran 2019, "adireshin gida" a dokar ya haɗa da lambar fuloti, da bayanin iyakokin fili, da sunan unguwa da lambar gida a shimfiɗarta, da lambobin GPS. Amma ga magatakarda, sai ka faɗi kowace takarda: nau'inta, lambarta, da shafin da bayanin yake. Ba zai bi maka rumbu yana nema ba. Kuma sunanka ba ya fita daga fihirisar masu saye da sayarwa, adireshin ne ake rufewa. A ofishin kimantawa da na haraji akasin haka ake yi: a cire sunanka da lambar takardar mallaka, a bar adireshin gidan a fili. Manufar ita ce kada a samu wuri ɗaya da suna da gida suka haɗu.

A Texas, sashe na 25.025 na dokar haraji ne, da fom mai lamba 50-284 na ofishin Kwanturolan jihar, ana kai shi ofishin kimanta gidaje na gundumar. Wannan fom bai taɓa takardar mallakar da ke wurin magatakarda ba. Alƙalai suna da wata ƙofa ta dokar 2017 mai sunan mai shari'a Julie Kocurek, wadda aka harba a ƙofar gidanta a Austin a 2015 Allah ya yi da sauran kwananta: suna iya neman magatakarda ya cire adireshinsu daga takardun da ke intanet. Kalifoniya ta bi wata hanya, ta hana hukumomi sa adireshin zaɓaɓɓen jami'i ko naɗaɗɗe a intanet ba da rubutaccen izininsa ba. Da yake gundumomi ba su da hanyar tantance wane ne jami'i cikin masu gidaje, da yawansu sai suka daina nuna sunan mai gida a shafinsu gaba ɗaya. Wanda ya taka ya je ofis da ƙafarsa har yanzu yana iya gani.

Yadda zan tsara aikin: a fara da binciken sunan jami'in da na matarsa ko mijinta a fihirisar magatakarda, da kowane irin rubutu da aka taɓa yi wa sunan, har da sunan mace kafin aure. A rubuta lambar kowace takarda da shafinta. A haɗa shaidar aiki, kamar katin ma'aikata ko wasiƙar hukuma. A yi rantsuwa, a kai wa kowane ofishi nasa, a karɓi kwafi mai hatimin ranar karɓa. In ma'auratan duka suna kan takardar mallaka, a tabbata buƙatar ta ambaci sunayen duka biyu, domin wasu ofisoshin sunan da aka rubuta kawai suke rufewa, ɗayan ya ci gaba da nuna ƙofar gidan.

Injiniya Kabiru

Barista ta gama da ɓangaren doka. Ni zan tsaya kan tambaya ta uku, ko in an rufe ya ɓace. Bai ɓace ba, kuma ga inda yake yoyo.

Takardar da ke rajista abu biyu ce a kwamfuta: layin fihirisa, wanda aka buga da hannu, da hoton takardar da aka yi wa sikan. Rufe ɗaya ba ya rufe ɗaya. A kan hoton kuma adireshi yana fitowa a wurare da yawa. Yana kusa da sunan mai saye, yana cikin bayanin fili, yana kuma can sama a kusurwa inda aka rubuta inda za a mayar da takarda bayan rajista da inda za a aika takardar haraji. Wannan kusurwar ta sama ita aka fi mantawa, don ƙananan haruffa ne, wani lokaci hatimin ofis ya hau rabinta. Manhajar da ke karanta rubutu daga hoto ba ta iya kama rubutun hannu da kyau, ba ta kama abin da ke ƙarƙashin hatimi, ba ta kama tsohuwar takardar da aka ɗauko daga maikurofim, wato fim ɗin adana ƙananan hotunan takardu, ta dishe. Dole mutum ya buɗe kowane shafi ya duba da idonsa.

Akwai kuskuren da ya fi wannan muni. Wani lokaci ana ɗora baƙin akwati a kan rubutun cikin fayil ɗin PDF ba tare da an goge rubutun da ke ƙasa ba. A ido an rufe. Ka ja linzamin kwamfuta a kan baƙin, ka kwafa, ka liƙa a wani wuri, sai ga adireshin tsaf. Duk wanda aka ce an rufe masa takarda ya sauke ta ya yi wannan gwajin. Bai kai minti ɗaya ba.

Sannan gida ba takarda ɗaya gare shi ba. Bayan takardar mallaka akwai ta jingina, da ta miƙa jinginar daga banki zuwa banki, da ta shaidar an gama biya, da sabuwar jingina in an sake bashin, da sanarwar fara gyaran rufi, da takardar da kamfanin sola ke shigarwa don tsare kayansa, da wakilcin da aka rubuta ranar ciniki. Gidan da aka daɗe a cikinsa yana iya tara goma ko fiye, kuma kowacce tana ambaton lambar wadda ta gabace ta. In aka bar ɗaya a buɗe, mai nema zai bi zaren har ya isa. Kowace sabuwar takarda kuma a buɗe take shiga, sai an sake nema.

Ɓangaren taswira ya fi ɓoyuwa. Shafin da jama'a ke gani yana iya ɓoye sunan mai gida, amma taswirar daga wani rumbu take ɗebo bayananta, kuma sau da yawa wannan rumbun yana amsa wa duk wanda ya san adireshinsa na intanet, da dukkan ginshiƙansa, har da na suna da na adireshin wasiƙa. Haka fayil ɗin dukkan fulotan gunduma da ake ajiyewa don saukewa kyauta. In alamar sirri, wadda ofis ke sawa don a ɓoye bayanin jami'i, tana kan shafi kawai ba a kan asalin layin bayanin ba, aikin banza ne. Tambayar da za a yi wa ofis ita ce: shin alamar tana bin bayanin zuwa fayil ɗin saukewa da sashen taswira da abin da ake sayar wa kamfanoni? Kuma shin tana tsira in aka juya kundin haraji zuwa sabuwar shekara ko aka canza manhaja? A waɗannan lokuta biyu ne alamar ta fi faɗuwa ba wanda ya sani.

Wani abin da ke damuna shi ne yadda wasu gundumomi ke cike gurbin. Su rubuta "sirri" a wurin sunan mai gida. A layin da ke da gida talatin, ashirin da tara da sunayensu, ɗaya da "sirri". Wanda ya riga ya san unguwar da alƙali yake, an nuna masa gidan da yatsa. Gara a rubuta kalmar da ake sa wa kowane gurbin da babu bayani, ko a yi irin ta Kalifoniya a daina nuna sunan kowa.

Ga kuma ƙofar baya da jami'in da kansa ke bari a buɗe. In yana da gida na biyu da ya ba haya, ko fili a wata gunduma, kariyar ba ta rufe wannan ba. Amma a bayanin wannan gidan akwai gurbin inda za a aika takardar haraji, kuma kusan kowa adireshin gidan da yake kwana yake sawa. Ka nemi sunansa, gidan haya ya fito, a ƙasansa ga adireshin da aka wahala wajen rufewa. A canza wannan gurbin zuwa akwatin gidan waya ko adireshin ofis a kowane fili da mutum ya mallaka. Haka rajistar kamfani a ofishin sakataren jiha, da rajistar zaɓe, da gudummawar siyasa ta tarayya, wadda in ta wuce dala 200 ake shigar da sunan mai bayarwa da adireshinsa a rahoto.

Abin da ya riga ya fita kuwa ya fita. Gundumomi suna sayarwa ko ba da bayanansu a dunƙule ga manyan kamfanonin bayanan gidaje, su kuma su sayar wa shafukan neman mutane. Rufewar yau ba ta janyo kwafin bara. Waɗannan sai an bi su ɗaya bayan ɗaya da sanarwar cirewa, a kuma sake dubawa bayan wata uku ko huɗu, don suna sake cika rumbunsu daga junansu.

Malam Habibu

Na gode Barista, na gode Injiniya. Abin da na fahimta shi ne wanda ya riga ya sayi gida da sunansa faci kawai yake yi. To wanda zai saya gobe fa? Ana yawan cewa a saya da sunan kamfani. Hakan ya wadatar, ko akwai asarar da ke biyo baya?

Alhaji Lawal

Malam Habibu, fahimtarka daidai ce, kuma lokaci shi ne komai a nan. In sunan mutum bai taɓa hawa takardar mallaka ba, babu abin da za a rufe. In ya saya da sunansa daga baya ya mayar da gidan ga kamfani ko amana, wato tsarin da wani ke riƙe gidan da sunansa a madadin mai shi, sabuwar takardar za ta nuna shi a matsayin mai miƙawa, tsohuwar kuma tana nan. Kowa ya ga an miƙa gida ba tare da kuɗin kirki ba ya san mai gidan bai canza ba.

Hanya biyu ake bi, kamfani irin na LLC, wato mai iyakantaccen alhaki, ko yarjejeniyar amana. Ga gidan zama, amana ta fi. A tsarin amanar fili da jihohi kamar Illinois da Florida suka sani, sunan mai riƙon amana ne kawai ke hawa takardar mallaka, yarjejeniyar da ta faɗi mai cin moriya kuma ba a kai ta rajista. Amma abu biyu ke ɓata ta. Na farko sunan amanar: yawancin lauyoyin gado suna sa mata sunan iyalin ne, sai ga sunan ya koma fihirisa. A ba ta sunan da bai da alaƙa da mutum, ba sunan 'ya'ya ba, ba ranar haihuwa ba. Na biyu mai riƙon: in jami'in ne ya naɗa kansa, sunansa zai fito a matsayin mai riƙo. Sai ya zama lauya ko kamfanin riƙon amana, kuma ana biyansu duk shekara.

Kamfani kuma yana da tsada ta wata fuskar. Rangwamen harajin gidan zama na mutum ne, ba na kamfani ba. A Florida wannan rangwamen yana kai dala 50,000 da ɗoriya daga darajar da ake yi wa haraji, ga kuma iyakar kashi 3 cikin 100 kan ƙarin darajar a shekara, kuma gidan da ke hannun kamfani yana rasa duka biyun. Amanar da aka rubuta da kyau, wadda ta ba mutum haƙƙin zama a gidan, tana iya riƙe su. Sai dai neman rangwamen da sunan mutum ake yi a ofishin kimantawa, don haka fom ɗin sirrin da Barista ta ambata bai faɗi ba, tare ake shigar da su, rana ɗaya in zai yiwu. Sannan kamfani yana da rajistarsa a ofishin sakataren jiha. A wasu jihohi sunan manaja da adireshinsa a buɗe suke ga kowa. Delaware da Wyoming ba sa wallafa sunan masu kamfani, amma in aka yi wa kamfanin rajista ta biyu a jihar da gidan yake, abin da aka ɓoye can yana iya fitowa nan.

Babban cikas shi ne bashin banki. Wanda zai biya kuɗi hannu ba shi da matsala. Mai neman bashin gida na yau da kullum kuwa, bankin da mutum yake hulɗa ba da kamfani ba, kuma takardar jingina da ake kai wa rajista tana ɗauke da sa hannun mai bashi. Bankuna da yawa suna karɓar amanar da mai ita ke iya warwarewa, amma kowanne da sharuɗɗansa kan wanda zai zama mai riƙo da abin da za a sa wa hannu. A yi wannan magana da banki tun kafin a nemi gida, ba saura mako ɗaya a rufe ciniki ba, kuma a nemi ganin ainihin shafukan da za a kai rajista. In sunan dole ya fito a takardar jingina, sai a shirya buƙatar rufewa ta tafi tare da ita, don kada ta kwana a buɗe.

Mai tsohon bashi da ke son miƙa gidansa ya lura da sharaɗin da ke ba banki damar neman dukkan kuɗinsa in aka canza mai gida. Dokar Garn-St Germain ta 1982 ta kare miƙawa ga amanar da mai bashin ya ci gaba da zama mai cin moriyarta kuma yana zaune a gidan. Ba ta ambaci kamfani ba, don haka a nan sai da rubutaccen izinin banki. A kuma sanar da kamfanin inshorar gida ya sa sunan amanar a cikin takardarsa, a tambayi na inshorar mallaka, mai kare mai gida in aka samu matsala a takardun mallaka, ko kariyarsa ta bi gidan, don kada ranar gobara a ce mai inshora daban, mai gida daban.

Ƙananan abubuwa na ranar ciniki: a gaya wa dillali kada ya sa hoton murnar sayen gida a Facebook, a nemi a sauke hotunan cikin gidan daga shafin tallan gidaje na Zillow da makamantansa domin suna nuna ƙofofi da tagogi da tsarin ɗakuna, izinin gyara kuma ɗan kwangila ya cike shi da sunan amanar.

Malama Rabi'atu

Ranka ya daɗe Alhaji, bayaninka ya gamsar, kuma ba ni da ja a kan kare ran alƙali da 'ya'yansa. Amma akwai gefen da ba a taɓo ba, kuma yana da nauyi.

Ba don son gulma aka buɗe rajistar filaye ba. An buɗe ta ne don mai saye ya san ko mai sayarwa shi ne mai gidan, ko akwai bashi ko hukuncin kotu a kansa. Da ita kuma ake gane jami'in da ba ya zaune a mazaɓar da yake wakilta, ko wanda ke karɓar rangwamen gidan zama a wuri biyu, ko wanda ya sayi gida da araha daga hannun ɗan kwangilar da yake ba aiki. A New Jersey, ɗan jarida Charles Kratovil ya gano daraktan 'yan sandan New Brunswick yana zaune a Cape May, tafiyar sama da awa biyu daga birnin da yake tsaro. Aka gargaɗe shi da dokar Daniel kada ya buga adireshin, ya kai ƙara, a Yuni 2025 kotun ƙolin jihar ta ce dokar ta tsaya: yana iya faɗin garin, ba ya iya buga ainihin adireshin. Wannan iyakar ina ganin ta yi daidai, gari a fili, lambar gida a rufe. A Kalifoniya kuwa wata kotun tarayya a 2017 ta dakatar da amfani da dokar jihar a kan wani marubucin intanet da ya wallafa adireshin 'yan majalisa don nuna adawa da dokar bindiga. Ke nan kotuna ba su zama baki ɗaya ba.

Damuwata ita ce jerin waɗanda ake karewa kullum tsawo yake ƙarawa, kowace ƙungiyar ma'aikata tana neman a sa ta. Doka mai kyau a ganina ta tsaya kan gidan da mutum ke kwana kawai, kamar yadda ta Florida ta fayyace, ba gidajen haya da filayen kasuwanci ba. Ta bar hukumar haraji da ta ɗa'ar ma'aikata su ga komai. Kuma ta kasance da ranar ƙarewa in mutum ya bar gidan. Amana ma haka: ɓoye gida daga mai mugun nufi daban, ɓoye shi daga takardar bayyana kadara daban, na biyun laifi ne.

Barista Zainab

Malama Rabi'atu, na yarda da iyakokin da kika ja. Batun mai saye da kika kawo ma yana komawa kan jami'in da kansa. Ranar da zai sayar da gidan ko ya sake bashi, mai binciken mallaka zai tarar da takardu da baƙin layi a kan bayanin fili, ba zai iya tabbatar da silsilar mallaka ba, ciniki ya tsaya. Saboda haka ne Florida ta gyara dokarta a 2021, ta ba kamfanonin inshorar mallaka da lauyoyi hanyar ganin cikakkiyar takarda da buƙata mai rantsuwa, kuma mai kariyar yana iya rubuta izinin a buɗe wa wanda ya ambata. A shigar da wannan izinin da zarar an sa gida a kasuwa, kada a jira mai saye ya fito. Bayan an tashi daga gidan kuma a rubuta wa magatakarda ya saki tsofaffin takardun. A ajiye kwafin duk buƙatun tare da wasiyya, domin magada ba za su san an rufe komai ba sai sun je raba gado.

Kan dillalan bayanai, Malam Habibu, mazauna Kalifoniya suna da ƙofa guda ƙarƙashin dokar gogewa ta 2023: shafin jiha da ake shigar da buƙata ɗaya ta isa ga duk dillalan da suka yi rajista, kuma daga Agusta 2026 wajibi ne su riƙa aiwatarwa. A sauran jihohi sanarwa ce ɗaya bayan ɗaya, a ajiye ranar aikawa da hoton shafin kafin da bayan wa'adi, don da su ake kafa hujja in aka je kotu. A sake binciken da Injiniya ya kwatanta duk lokacin da aka shigar da sabuwar takarda a kan gidan, da kuma bayan fitowar kundin harajin sabuwar shekara, daga burauzar da ba a shiga kowane asusu a cikinta ba, da suna, da lambar fuloti, da adireshin wasiƙa.